Wanda Ya Saci Suna, Me Zai Mayar?

Mutanen Suleja sun fi kowa sanin cewa suna yana iya barin mai shi ya koma wani wuri. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828 ya yi kusan shekara 150 ana kiransa Abuja. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai sunan ya bi sabon birnin, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Amma wannan an yi shi ne da rana tsaka, kowa ya ji, kowa ya gani, an kuma rubuta shi a takardun gwamnati. Ba a ruɗi kowa ba, ba a kuma ci bashi da sunan kowa yana barci ba. Akwai wani irin ɗaukar suna dabam da ake yi a ɓoye a cikin wannan gari, a Hashimi da Magajiya da Kurmin Sarki, kamar yadda ake yi a sauran garuruwan ƙasar. Mai sunan ba ya sani sai ranar da aka zo karɓar bashi, ko ranar da 'yan sanda suka yi sallama a ƙofar gidansa.

A dā idan mutum ya je kasuwa neman bashi, mai shago fuskarsa yake dubawa. Ya san mahaifinsa, ya san gidansu, ya san ko mutum ne mai cika alkawari. Yin sojan gona a irin wannan zama yana da wuya, domin sai ɓarawo ya ari fuska da murya. Yau na'ura ce take ba da bashi, ita kuwa ba ta san fuskar kowa ba, lamba kaɗai ta sani. Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014. Hukumar NIMC tana ba kowane ɗan ƙasa lambar NIN, kuma tun Disambar 2020 gwamnati ta umarta a haɗa kowane layin waya da ita. Kowace ɗaya daga cikin lambobin nan biyu tana da alƙaluma 11. Wanda ya riƙe su, ya kuma riƙe layin wayar da ake aiko wa saƙon tabbatarwa, to a idon na'ura shi ne mai sunan. Hausawa sun ce suna linzami ne. Linzamin nan yanzu yana iya kasancewa a hannun wani, a ja mutum zuwa inda bai taɓa taka ƙafarsa ba.

A ɗauki misali, irin wanda kowace unguwa ta san makamancinsa. Wata gwauruwa a Hashimi tana sayar da hatsi, idonta ya fara rauni, karatun saƙon banki yana ba ta wahala. Ɗan ƙanenta da take riƙo shi ne yake duba mata waya, shi ne yake kai katinta wurin mai POS, ya san lambar sirrinta, ya san inda take ajiye takardar NIN. Wata rana yaron ya buɗe asusu da sunanta a ɗaya daga cikin kamfanonin kuɗi na waya, ya ci rance, bai biya ba. Masu rance suka shiga aika saƙo ga mutanen da ke cikin wayarta, har da 'yan zumuntar mata, cewa ita macuciya ce. Idan kuma rancen na banki ne, tun Agustan 2020 akwai tsarin da Babban Banki ya amince da shi wanda ya ba bankuna damar cire bashin da ba a biya ba daga sauran asusun da ke ɗauke da BVN ɗin mai bashin. Mafi muni shi ne idan yaron ya ba 'yan damfara asusun suka karɓi kuɗin zamba ta cikinsa. Masu bincike sawun kuɗi suke bi, sawun kuwa a ƙofarta zai tsaya. Da ɗan gari akan ci gari.

Ba kullum ne ake sace lambobin ba, wani lokaci masu su ne suke sayarwa. A Yulin 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi cewa akwai matasa kimanin 12,000 da suke yawo suna sayen bayanan BVN da NIN daga hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kimanin naira 5,000. Mai karatun da ya san Farawa sura 25 zai tuna da Isuwa, wanda ya dawo daga jeji da yunwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon abinci. Naira dubu biyu ba ta fi kwanon nan daraja ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai wautar mai sayarwa ba ta wanke mai saye, haka kuma yardar da gwauruwar ta yi wa ɗan ƙanenta ba laifi ba ce, ita ce ma ta ƙara wa laifinsa nauyi.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru a kan wannan ba. Kundin Penal Code da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya riga ya sa zamba ta hanyar sojan gona cikin laifuffuka. (Lambar nan 419 da ta zama sunan damfara a bakin kowa, daga kundin Kudu ta fito, ba daga na Arewa ba.) A 2015 aka kafa dokar yaƙi da laifuffukan intanet, aka yi mata gyara a 2024. Sashe na 22 ya yi magana kai tsaye a kan satar shaidar mutum. Wanda ya yi amfani da lambar sirrin wani ko wata alamar shaidarsa da nufin zamba, ko ya fito a matsayin wani, rayayye ko matacce, domin ya sami dukiya ko ya kauce wa kamu, yana iya fuskantar ɗauri har shekara 5, ko tarar da ta kai naira miliyan 7, ko duka biyun. Ma'aikacin da ya yi amfani da abin da ya sani a wurin aikinsa, kamar ma'aikacin banki, nasa ɗaurin shekara 7 ne, ko tarar naira miliyan 5, ko duka biyun. Babbar Kotun Tarayya ce take sauraron irin waɗannan ƙararraki. Abin lura shi ne dokar ta ambaci matacce. Wanda yake karɓar fanshon mahaifinsa da ya rasu, yana sa hannu a madadinsa, bai kamata ya ɗauka cewa maganar ta wasu ce can nesa ba.

Shari'ar sojan gona mafi shahara a tarihin Nijeriya ta taɓa maƙwabciyar Suleja. Tsakanin 1995 da 1998 Emmanuel Nwude ya fito a matsayin Paul Ogwuma, gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, ya shawo kan Nelson Sakaguchi, wani babban jami'in bankin Banco Noroeste na ƙasar Brazil, ya zuba kuɗi a kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja, kwangilar da babu ita. Asarar ta kai dala miliyan 242. Asirin ya tonu ne sa'ad da bankin Santander na ƙasar Sifen ya zo sayen bankin, aka buɗe littattafai. EFCC, a ƙarƙashin Nuhu Ribadu, ta gurfanar da Nwude a 2004. A 2005 ya amsa laifinsa a wata kotu a Legas, aka yanke masa shekara 25 a jimlace, wato biyar-biyar a kan tuhuma biyar da za su tafi tare, aka kuma ƙwace dukiyarsa domin a biya waɗanda aka cuta. A 2006 ya fito.

Mutane da yawa sun yi gunaguni a kan gajartar zaman da ya yi a kurkuku, kuma suna da hujja. Amma masu bankin Brazil ba tsawon ɗaurin ne ya fi damunsu ba. Sun ɗauki lauyoyi suka bi kuɗinsu ƙasa-ƙasa, domin sun san ko an ɗaure mutumin shekara ɗari, ɗaurin ba zai mayar musu da ko dala ɗaya ba. Shi kuma wanda aka ari sunansa babban mutum ne, yana da ofis da bakin da za a saurara idan ya ce ba shi ba ne. Gwauruwar Hashimi ba ta da lauya, ba ta da ofis. Idan aka kai ɗan ƙanenta gidan yarin Suleja, wannan tsohon gini na zamanin Turawa wanda ruwan sama ya rushe katangarsa a Afrilun 2024 har fursunoni fiye da 100 suka tsere, gwamnati ta karɓi nata hakkin. Idan tara aka ci shi, kuɗin baitulmali za su shiga. Ita kuwa bashin yana nan da sunanta a rajistar masu bashi, saƙon da aka aika wa 'yan zumunta yana nan a wayoyinsu, ga kuma dangi sun juya mata baya don ta ɗaure ɗansu.

A nan ne ya kamata iyalai su fahimci cewa shari'a ƙofa biyu gare ta. Ƙofa ta farko ta hukunci ce: gwamnati ce mai ƙara, abin da take nema shi ne a hori mai laifi. Ta biyu ta neman hakki ce: wanda aka cuta shi ne mai ƙara, abin da yake nema shi ne a mayar masa da abin da ya rasa. Yawancin mutane ƙofar farko kaɗai suka sani, shi ya sa da zarar an ce a kai ƙara, sai hankali ya tafi ga kurkuku. Alhali dokar 2015 ɗin nan, a sashe na 49, ta umarci kotu ta sa wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cuta daidai da asararsa, kuma ana iya tilasta wannan umarni kamar kowane hukuncin bashi. Kundin 1960 ma, a sashe na 78, ya ba alƙali ikon ya sa a biya diyya, ko a haɗe da wani horo ko a maimakonsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ƙara wata hanya: idan kamfani ko hukumar da ta karɓi bayanan mutum ta karya dokar har ya cutu, yana iya kai kuka ga hukumar NDPC, yana kuma iya neman diyya a kotu. Wanda banki ya cire wa kuɗi a kan bashin da bai ci ba zai fara rubuta wa bankin, idan ba a warware ba ya kai ga sashen kare hakkin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Hanyoyin nan suna da jinkiri, suna cin kuɗin mota da haƙuri, amma suna nan, kuma alƙali ya fi saurin tunawa da diyya idan akwai wanda ya tashi ya roƙa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. A dokokin Musa, hukuncin sata ba zaman kurkuku ba ne, biya ne. Fitowa sura 22 ta sa ɓarawon sa ya biya shanu biyar, ɓarawon tunkiya ya biya huɗu. Littafin Firistoci sura 6 ya fi kusa da batun nan, domin yana magana ne a kan wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya, ko ya zambaci maƙwabcinsa, ko ya rantse a kan ƙarya. Irin wannan zai mayar da abin gaba ɗaya, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya miƙa wa mai shi, sa'an nan ya kawo hadayarsa ga firist. Ba a yarda ya wuce ta ƙofar maƙwabcinsa ya tafi bagade kai tsaye ba. Zakka na Yariko ya san wannan, shi ya sa tubansa a Luka sura 19 ya zo da lissafi, ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta.

Sojan gona mafi tsufa da aka ba da labarinsa dalla-dalla a cikin Littafin, a cikin gida aka yi shi, kuma wanda aka ruɗa tsoho ne mai raunin ido. Yakubu ya sa tufafin wansa, ya rufe hannuwansa da wuyansa da fatar 'yan awaki, ya shiga wurin Ishaku ya amsa sunan Isuwa. Ishaku ya yi bincike gwargwadon iyawarsa, ya saurari murya, ya shafa hannu, ya sansana riga, shaida biyu suka rinjayi ɗaya. Haka na'urar banki take yi a yau. Ba a kai Yakubu gaban alƙali ba, amma ya yi shekara 20 a gudun hijira, kuma a can Laban ya yi masa irin abin da ya yi wa mahaifinsa, ya sa Lai'atu a madadin Rahila cikin duhu. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan batu shi ne yadda ya dawo. A daren da ya yi kokawa a bakin rafin Yabbok, an tambaye shi sunansa, ya faɗi nasa na gaskiya, wanda ya ɓoye a gaban mahaifinsa. Kuma kafin ya ga fuskar Isuwa ya tura garke bayan garke a gabansa, awaki 220, tumaki 220, raƙuma 30 da 'ya'yansu, shanu 50, jakuna 30. Isuwa ya ce yana da abin da ya ishe shi, Yakubu ya nace har sai da ya karɓa. Gafarar Isuwa ta riga ta sauka, ya rungume shi, sun yi kuka, duk da haka Yakubu bai ɗauki gafarar a matsayin rasit ba. Akwai kuma abin da dabbobi 550 ba su iya mayarwa ba: albarkar ta riga ta tafi, shekarun sun wuce, Littafin kuma bai sake nuna Rifkatu ta ga ɗanta ba.

Abin da yakan faru a gidajen masu bi idan irin wannan ta fashe shi ne taron dangi. Za a kira fasto ko dattijon ikkilisiya, yaron ya durƙusa, a yi addu'a, a ce wa gwaggo ta yafe, a rufe magana. Wani zai kawo 1 Korintiyawa sura 6, inda Bulus ya tsauta wa masu bi da suke kai juna gaban alƙalan waje. Wani zai ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Niyyar tana da kyau, kuma gaskiya ne cewa shekara biyar a kurkuku tana iya mai da yaro mai wauta ya zama ƙwararren ɓarawo. Amma wannan sulhu yana da rami a tsakiyarsa. Bulus bai ce a bar maganar ba a yanke ba, cewa ya yi abin kunya ne a rasa mai hikima a cikin ikkilisiya da zai yanke ta, kuma a wannan sura ya tsauta wa masu zambatar 'yan'uwansu. Taron da ya ƙare da hawaye ba tare da lissafi ba bai yanke komai ba, ya dai ɗora wa wadda aka cuta nauyi na biyu, wato ta biya bashin, ta kuma yi shiru.

Akwai kuma wani abu da ya raba satar suna da satar akuya. Idan aka saci akuyar gwaggo ta yafe, magana ta ƙare, domin akuyar tata ce. Amma wanda ya saci suna, wasu mutane ya cuta da shi. Akwai kamfanin da ya ba da rance, akwai wani bawan Allah a Kaduna ko Fatakwal da ya tura kuɗinsa cikin asusun da ke ɗauke da sunanta. Gwaggo ba ta da ikon yafe kuɗin wannan mutum, kuma shi a wurinsa ita ce ɓarauniya. Muddin ba a rubuta gaskiya a inda aka rubuta ƙarya ba, gafararta ba ta kare ta daga kamu, ba ta kuma share sunanta daga rajistar masu bashi, inda zai tare mata hanya ranar da ta nemi rancen jari na gaske. Iyalin da suka hana ta kai rahoto don su rufa wa yaro asiri, sun zaɓi ta ci gaba da amsa sunan mai laifi a madadinsa. Wato sojan gonar bai ƙare ba, an dai juya shi, yanzu da yardar dangi.

Bulus da kansa ya nuna cewa neman a wanke suna a fili ba rashin tawali'u ba ne. A Filibi, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 16 ta ba da labari, an yi masa bulala tare da Sila a gaban jama'a ba tare da shari'a ba, aka kulle su. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a sallame su shiru. Bulus ya ƙi fita. Ya ce tunda a fili aka wulakanta su, su kuwa 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da su. Suka zo, suka ba da haƙuri. Bai nemi a yi musu bulala ba, bai nemi kuɗi ba. Abin da ya nema shi ne a gyara sunan a wurin da aka ɓata shi, domin akwai ƙaramar ikkilisiya a gidan Lidiya da za ta ci gaba da zama a garin bayan tafiyarsa.

Saboda haka dattawan da aka kira sulhu a irin wannan magana suna da aikin da ya fi addu'ar rufewa. Sai a zauna da takarda da alƙalami a lissafta nawa aka ci, a wurin wa, da sunan wa. Yaron ya rubuta da hannunsa cewa shi ne ya buɗe asusun, mai sunan ba ta sani ba. A raka ta banki da kamfanin waya a rufe abin da aka buɗe, a canja lambobin sirri, ta sami rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu ta ajiye. A tsara yadda zai biya, ko da kaɗan-kaɗan ne daga aikin hannunsa, ba daga aljihun mahaifinsa ba, da shaidu da ranaku. Mutanen da aka aika wa saƙon cewa ita macuciya ce, su ji daga bakinsa cewa ba haka ba ne, ko da a gaban zumuntar mata ne.

Wurin da abin yake da ciwo shi ne babu hanyar wanke gwaggo ba tare da an ambaci sunan yaron ba, kuma da zarar takardarsa ta isa hannun hukuma, dattawa ba su da ikon cewa ga inda maganar za ta tsaya. Mai gabatar da ƙara yana iya ci gaba ko da iyali sun sulhunta, musamman idan akwai wasu da aka damfara. Abin da dattawa za su iya yi shi ne su tafi tare da shi, su nema masa lauya, su nuna wa alƙali takardar amsa laifi da shaidar abin da ya riga ya biya. Kotuna sukan duba irin wannan wajen sassauta hukunci, kuma doka ta bar wa alƙali zaɓi tsakanin ɗauri da tara da diyya. Ba wanda zai iya yi wa uwar yaron alkawarin cewa ɗanta zai kwana a gida a ranar.